Intanet marar waya a Sanam da ƙasar Kurfai

Intanet marar waya ita ce babbar hanyar shiga yanar gizo a Sanam, ƙaramar hukumar karkara ta ƙasar Kurfai da ke gundumar Abala, jihar Tilaberi, a Jamhuriyar Nijar. A Nijar kamfanoni irin su Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom ke kafa dogayen eriyoyin da ke yaɗa siginar.

Igiyar faiba ta fi sauri da ƙarko, amma binne ta zuwa ƙauyukan Kurfai da ke warwatse na cin kuɗin da masu saye kaɗan ba za su mayar ba. Ita kuwa eriya tana bukatar wutar sola ko janareta, da masu gyara, da tsaro. Ban da eriyoyi, tun 2025 kamfanin Starlink ya shigo Nijar da intanet ta tauraron ɗan Adam.