Daga Tukunyar Kaka Zuwa Kejin Ɓeraye: Tarihin Gwajin Soɓorodo



Lokacin da nake yaro a Mada, duk wanda ƙafarsa ta kumbura a gidanmu, kakarmu kan jiƙa masa soɓorodo ba sukari, ta ce ya sha, ruwan jikinsa zai bi fitsari ya fita. Da na shiga sakandare na fara jin ƙamshin kimiyya, sai na dawo hutu ina yi mata dariya. Ba ta tanka mani ba. Yau da furfura a kaina, ga kuma hawan jini, na bi diddigin maganar, kuma abin da na samo shi ne nake son mu duba tare.

Ashe Turawa ma ta wannan hanya suka biyo. A 1785 wani likita a Ingila, William Withering, ya wallafa yadda ya gano ganyen da ke aiki a cikin wani haɗin gargajiya na maganin kumburi. A ƙasarmu kuwa, Likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa a littafinsa na 1916. Amma rubuta suna daban, auna aiki daban.

Ma'aunin ya samu a 1943, sa'ad da Lipschitz da abokan aikinsa a Amurka suka fito da hanyar gwaji da ɓeraye. Akan hana su abinci dare guda, a ba su ruwan gishiri daidai wa daida, a raba su ƙungiya-ƙungiya. Wasu a ɗura masu maganin da ake gwadawa, wasu sanannen magani, wasu a bar su haka. Sai a sa su a keji mai mazurari a ƙasa, a tara fitsarinsu na kamar awa biyar, a auna.

Da irin waɗannan gwaje-gwaje aka tunkari soɓorodo. A 2007 Mojiminiyi da abokan aikinsa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, sun ba da rahoton cewa ruwansa ya saukar da hawan jinin ɓeraye. A 2012 masana a Meziko suka nuna cewa yana ƙara masu fitsari. Kaka dai ta yi gaskiya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. A 2011 masana a Jami'ar Nsukka sun haɗa soɓorodo da hydrochlorothiazide, ƙwayar sa fitsari da likitoci ke ba masu hawan jini, suka ba ɓeraye da zomaye. Fitsari ya ƙaru, kuma ƙwayar ta daɗe a jini fiye da yadda ta saba. Wannan kam kaka ba ta da hanyar saninsa, domin a zamaninta ba mai haɗa biyun.

Ɓera ba mutum ba ne, gaskiya. Amma da yawanmu yanzu muna haɗiyar ƙwaya da safe, mu kora da zoɓo da rana. Shawarata ita ce, kada wanda ya ajiye maganin asibiti saboda zoɓo, kuma mai shansa kullum ya faɗa wa likitansa.

Allah Ya jiƙan kaka, Ya ƙara mana lafiya, amin.