Maharbi da Manomi: Tarihin Farauta a Arewacin Ƙasar Kano

1.0 Gabatarwa

A garuruwa da dama na ƙasar Amurka, hukumomi kan ba maharba izinin shiga dazuzzukan shaƙatawa da ke bayan gari da kwari da baka, domin su rage wata dabba mai kama da barewa wadda ta yi yawa har ta zama masifa. Manufar wannan takarda ita ce mu ɗauki wannan al'amari ya zama madubin duba namu tarihin, watau yadda dangantaka ta kasance tsakanin maharbi da manomi da naman daji a arewacin ƙasar Kano, wajen Dambatta da Bichi da Kunchi da Makoɗa, inda a yau gona ke haɗe da gona.

2.0 Zamanin da Daji Yake Daji

Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya nuna Barbushe, daga zuriyar Dala, a matsayin ƙasurgumin mafarauci mai kashe giwa. Ko da mun ɗauki labarin a matsayin almara, yana nuna mana cewa shugabanci a farkon Kano ya jingina ne ga wanda ya iya da daji.

A ƙarni na 19, yaƙi ne ya riƙa tsare daji. Hare-haren Damagaram da na Maraɗi sun sa talakawan arewa sun takura cikin garuruwa masu ganuwa, aka bar sarari mai faɗi ba a nomawa. A irin wannan sarari ne barewa da gada da gyado da kura suke samun mafaka, daga nan kuma suke faɗa wa gonakin gefe. Saboda haka manomi yana bukatar maharbi kamar yadda yake bukatar maƙeri.

Ya kamata mu bambance iri biyu. Akwai maharbi, mai fita shi kaɗai da baka da kwari. Kibiyarsa ta kyauro ce, da kan ƙarfe, an shafe ta da dafin da ake haɗawa da 'ya'yan kwankwani, wanda ke tsayar da zuciyar dabba. Irin wannan kibiya ba ta cin nisa, don haka dole ya san sawu da iska da mashaya, ya yi sanɗa, ya zaɓi dabba ɗaya. Akwai kuma farautar gayya, wadda samari ke fita da rani bayan an kawar da amfanin gona, da karnuka da gora da kiɗa. Dukansu biyu suna da shugabanni, irin su Sarkin Baka da Sarkin Dawa. A wasu sassan ƙasar Hausa, kamar Maraɗi, ba a fara farauta sai an yi bikin buɗar dawa. Watau tun kafin zuwan Turawa akwai lokacin farauta, akwai kuma mai hanawa.

3.0 Yadda Daji Ya Ƙare

Turawa sun ci Kano a 1903. Da hare-hare suka tsaya, sai jama'a suka fita daga ganuwa suka sassabe dajin da tsoro ya hana su taɓawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe, kowane taƙi ya zama kuɗi. A 1965, lokacin da Michael Mortimore da J. Wilson suka buga bincikensu kan karkarar da ke kewaye da birnin Kano, sun iske ana noma mafi yawan ƙasar kowace shekara ba hutawa, da taimakon taki. Bindiga, wadda ba ta bukatar haƙurin sanɗa, ta ƙarasa abin da gatari ya bari.

Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta zo ne bayan aikin gama ya gama a wannan yanki. Wuraren da aka keɓe, kamar Yankari a 1956 da Falgore a kudancin Kano, duk suna nesa da shi. Bugu da ƙari, dokar ta mai da iko hannun ma'aikacin gandun daji, ta bar Sarkin Baka da rawani kawai.

4.0 Abin da Ya Yi Yawa a Wurinmu

A Amurka, farautar kasuwa ta rage barewarsu zuwa kimanin 500,000 a wajen 1900. Aka kafa dokoki, aka kashe kyarketai da ke cin ta, tsofaffin gonaki suka koma kurmi, har yawanta ya kai wajen miliyan 30. Jihar Wiskonsin ce ta fara keɓe lokacin farauta da baka a 1934. Dalilin da ya sa baka ta dace da bayan gari shi ne harsashi yana wuce gidaje, kibiya kuwa kusa take faɗuwa.

A wurinmu abin ya juya. Manyan dabbobi sun tafi, amma ɓarna ba ta tafi ba, sai dai ta canza kama. Abokan gabar manomin Kunchi su ne ɓera da gafiya da kurege mai tone iri, da tsuntsun jan baki. Bayan farin 1972 zuwa 1974, da kuma na 1983 zuwa 1984, an yi annobar ɓeraye a ƙasashen Sahel har da arewacin Nijeriya. Fari da dawowar ruwa su ne manyan dalilai, amma a ra'ayinmu kashe yanyawa da dila da mujiya da macizai ya rage wa manomi mataimaka. Darasin ƙasashen biyu ɗaya ne: in aka kawar da mai ci, abin da ake ci zai cika ƙasa.

Shi kuwa mafarauci, da ya rasa nama a gida, sai ya nausa nesa. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Jihar Kano a garin Uromi na Jihar Edo, suna kan hanyar komawa gida bikin Salla. Kowa ya san tarihin da muka zayyana zai gane abin da ya kai su can.

5.0 Kammalawa

Ba muna cewa a koma zamanin dafi ba ne. Abin da tarihi ya nuna shi ne baka ta yi amfani saboda tana tare da sani da lokaci da shugaba. Muna ba da shawara hukumomi su mayar wa sarakunan farauta ikon hana ƙona daji da kashe masu cin ɓera, kwalejojinmu kuma su tura ɗalibai su rubuta abin da tsofaffin maharban Dambatta da Bichi suka sani game da sunayen dabbobi da wuraren da suka zauna, tun suna raye.