Sati

Ba satin kwana bakwai ake nufi ba. Wannan kalmar Pali ce, harshen littattafan mabiya Buddha na Siri Lanka da Myanmar, 'yar'uwar smriti ta Sanskrit, asalin ma'anarta kuwa tunawa. Ita ce ta bakwai cikin rassa takwas na tafarkin Buddha. Mai zuhudu yana lura da numfashinsa yana tune da koyarwa da ƙa'idojin ɗabi'a, burinsa ya kuɓuta daga sake haihuwa.

A 1881 masanin Pali Rhys Davids ya fassara ta zuwa Turanci da mindfulness. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya shigar da ita asibitin Jami'ar Massachusetts a matsayin horon mako takwas don rage damuwa, ba ruwansa da ibada. Majinyata sun amfana ƙwarai, amma ina takaicin yadda aka riƙe lura aka saki tunawa.