Mutum-mutumin Nok: Jikin Ɗan Adam Tsakanin Ƙasa da Zamani

A shekarar 1928 ne masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. Ba a gane darajarsa ba sai a 1943, sa'ad da aka kawo wa Bernard Fagg wani kan daga Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye. Fagg ya lura cewa su biyun aikin al'umma ɗaya ne. Shi ne kuma ya kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952.

Maginan Nok sun ɗebo yumɓu mai tsakuwa, suka gina siffar mutum da hannu kamar yadda ake ginin tukunya, cikinta rami. Suka huda idanu da hanci da baki, ta nan zafi ke fita don kada siffar ta fashe a wuta. Sun girmama kai fiye da ƙima, suka ƙawata shi da kitso iri-iri. Duk da haka ba su tsaya ga kyau kaɗai ba, domin akwai siffofin da ke nuna tundurmi da shanyewar fuska. Ashe sun san jiki abu ne mai lalacewa.

Binciken da Jami'ar Goethe ta Jamus ta fara a 2005 ya nuna cewa al'ummar ta kafu kimanin shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, ginin siffofin kuwa ya soma wajen shekara 900 kafin haihuwarsa. Ƙasar yankin tana da tsami, saboda haka ta cinye ƙasusuwan mutanen, ta bar mana siffofinsu na yumɓu.

Gawayi da ƙwayar gero da ke binne tare da siffa, su ne masana ke aunawa su san shekarunta. To, idan ɓarawo ya tono ta da dare ya sayar wa baƙi, kamar yadda ya yawaita a shekarun 1990, ya raba ta da wannan shaida har abada. Saboda haka ya wajaba a kan ɗalibi da ma'aikacin hukuma, in labarin irin wannan tono ya iske su, su sanar da hukumar adana kayan tarihi tun kafin a taɓa wurin.