Zinariya, Wuri da Liyari: Tsofaffin Kuɗin Ƙasar Katsina

'Yan'uwana ɗalibai, maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in jawo hankalinmu ga wani fanni na tarihi wanda muke takawa mu wuce, watau tsofaffin kuɗi. A ƙasashen Turai akwai mutanen da ba su da wani abin sha'awa sai tara kuɗin zinariya na da, ana kuwa sayen ƙwaya ɗaya da dukiya mai yawa. To, mu fa, me kakanninmu suka bar mana?

Bari mu fara da dinari. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan shi ne ya buga dinarin Musulunci mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira, nauyinsa miskali ɗaya, watau giram 4.25. Da wannan ma'auni ne malamanmu ke lissafin nisabin zakka, dinari 20, da mafi ƙarancin sadaki, rubu'in dinari. Zinariyar da Murabiɗai suka buga nasu dinarin da ita a Sijilmasa kuwa, daga Afirka ta Yamma aka kai ta. Haka kuma a 1663 Ingila ta fara buga wani kuɗi da zinariyar gaɓar tekunmu, har aka laƙaba masa suna gini. A 1068 al-Bakri ya rubuta cewa mutanen Tadmakka, a ƙasar Mali ta yanzu, suna ciniki da dinari marar hatimi, a 2005 kuma masu tonon kayan tarihi suka sami kaskon da ake zuba shi a ciki a kufan garin.

A ƙasar Katsina abin ya sha bamban. Sarakunanmu ba su buga kuɗin zinariya ba. Aunawa ake yi da miskali. Wangarawa da fataken Gwanja su ne ke kawo ta tare da goro, ayari kuma ya wuce da ita Agadas da Gadamas. Shaidar cewa ta zauna a hannun manyanmu tana Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, inda aka yi tono a 1907 da 1992, aka kuma sami kayan ado na zinariya a cikin kabari.

Talaka kuwa wuri ne kuɗinsa, wanda ake kawowa tun daga tsibiran Maldif na Tekun Indiya. Asalin kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. Da yake wuri yana da nauyin ɗauka, sai attajirai suka koma ga liyari, kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tarisa. Sa'ad da Baturen nan Barth ya zo Katsina da Kano a 1851, ya tarar ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Bayan zuwan Turawa a 1903, sai aka hana shigo da wuri a 1904, aka kawo kwabo da anini masu huda a tsakiya, daga baya naira ta gaji fam a 1973.

Ni mutumin Kutawa ne, kuma na taso ina ganin liyari a wuyan matan Fulani masu kawo nono kasuwar Kurfi da ta Dutsin-Ma, ina kuma ganin anini a ƙasan adakar tsofaffi. Abin baƙin ciki, da tsohuwa ta rasu sai magada su kwashe azurfar su kai wa maƙeri ya narke, a yi zobe ko awarwaro. Duk abin da ya shiga wuta kuwa, rubutunsa da shekararsa sun tafi ke nan har abada.

Saboda haka, shawarata ita ce kada tsadar zinariya ta kashe mana gwiwa. Ɗalibi ba ya iya sayen dinari, amma yana iya tara wuri da anini da sisi da sule da abin da bai kai kuɗin littafi ɗaya ba. Sai dai a kula da abubuwa uku. Na farko, shekarar 1780 da ke jikin liyari ba ta nuna tsufansa, domin duk waɗanda aka ci gaba da bugawa bayan rasuwar sarauniyar wannan shekarar suke ɗauke da ita. Na biyu, kada a goge tsohon kuɗi da toka ko tsamiya, don gugar na cinye rubutun. Na uku, a rubuta sunan garin da aka samo shi, da abin da mai shi ya faɗa a kansa, domin kuɗin da ba a san asalinsa ba rabin amfaninsa ya tafi. Abin da aka tono daga ƙasa kuwa, dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana fita da shi waje ba tare da izini ba. A kai shi gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina.

Ina roƙon ƙungiyarmu ta tanadi akwati ɗaya domin wannan aiki, kowa ya dawo hutu ya kawo abin da ya samo a garinsu. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu dace, amin.