Muryoyin da Suka Gina Jubilee Hall

A yau ɗalibin da ya shiga sashen kiɗa na wata jami'a a Amurka yana da zaɓi: ko ya shiga ƙungiyar masu busa, ko ta masu goge, ko ta mawaƙa. Na daɗe ina kallon irin waɗannan ƙungiyoyi a matsayin ado kawai ga karatu, har sai da na karanta tarihin Jami'ar Fisk ta birnin Nashville a jihar Tennessee, inda ƙungiyar mawaƙa ce ta hana a rufe makarantar.

An kafa Fisk a 1866, bayan Yaƙin Basasa, domin ilmantar da bayin da aka 'yanta. Azuzuwanta tsofaffin barikin asibitin soja ne na katako, kuma zuwa 1871 bashi ya yi mata katutu. Sai George White, Baturen da ke riƙe da ma'ajin makarantar yana kuma koyar da waƙa, ya ɗauki ɗalibai tara, mata biyar da maza huɗu, akasarinsu haifaffun gidan bauta, suka nufi arewacin ƙasar ranar 6 ga Oktoba don neman taimako da muryoyinsu.

Farkon tafiyar ba daɗi. Masaukai sun sha rufe musu ƙofa saboda launin fatarsu, ga sanyi, ga ƙarancin sutura. Ɗan abin da suka samu a ɗaya daga cikin wasanninsu na farko ma sai suka bayar ga waɗanda gobarar Chicago ta shafa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaɓin waƙoƙin. Da farko waƙoƙin Turawa suka fi rerawa, don su nuna cewa baƙar fata ma yana iya abin da aka ce ya fi ƙarfinsa. Waƙoƙin ibada da iyayensu suka rera a gonakin bauta kuwa, ɗaliban ba su so fitar da su bainar jama'a ba. Ella Sheppard, wadda ke kaɗa musu piyano, ta bayyana daga baya cewa waƙoƙin suna da tsarki a wurin iyayensu, kuma suna tuna musu zamanin da suke son mantawa. Amma su ne suka sa masu sauraro hawaye, su ne kuma suka buɗe aljihunansu. Ina ganin wannan ciniki ne mai ɗaci: an ceci makaranta da baƙin cikin da aka so a ɓoye. Sai dai ta hanyarsa ne duniya ta san waɗannan waƙoƙi, aka kuma rubuta su.

Bayan limamin coci Henry Ward Beecher ya karɓe su a Brooklyn cikin Disamban 1871, sunansu ya bazu. A 1873 suka tsallaka Ingila, suka rera wa Sarauniya Victoria. Da kuɗin da suka tara aka gina Jubilee Hall, aka buɗe shi a 1876, yana nan tsaye har yau.

Su kansu mawaƙan sun biya farashi. Shekarun da ya kamata su yi a aji sun ƙare a jiragen ƙasa da zaurukan taro, da yawansu ba su kammala karatu a makarantar da suka ceto ba. A 1878 gajiya da rashin lafiya suka wargaza ƙungiyar, kafin daga baya a sake kafa ta. Duk ranar 6 ga Oktoba, Fisk tana bikin tunawa da fitar mutum taran nan.