Kifaye da Ruwan Tsufana

Littafin Farawa, a sura 7, ya lissafta abin da ya hallaka a zamanin Nuhu: tsuntsaye, da dabbobi, da masu rarrafe, da 'yan adam, wato duk mai numfashi da ke bisa sandararriyar ƙasa. Bai ambaci kifi ba. Mutanen dā sun lura da wannan, bai kuwa dame su ba. Malaman Yahudawa sun rubuta cikin Talmud cewa hukuncin bai faɗa wa kifayen teku ba. Agustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, wanda ya rasu a shekara ta 430, shi ma ya ga babu dalilin shigar da mazaunan ruwa cikin jirgi.

Maganar ta sāke sa'ad da Turawa suka shiga tono kifayen da suka zama dutse a kan tuddai, nesa da teku. A 1708 wani likita na birnin Zurik, mai suna Scheuchzer, ya buga ɗan littafi da Latinanci, inda ya sa wani babban kifi yana kai ƙara, wai mutane sun ƙi yarda cewa danginsa ma Ruwan Tsufana ne ya binne su. Ashe ke nan ruwan ya ci kifi. Likitan nan ya zarce gona da iri, gama a 1726 ya nuna waɗansu ƙasusuwa, ya ce na mutumin da rigyawar ta ci ne. A 1811 Cuvier, masanin Faransa, ya duba su, ya tarar na wata babbar dabbar ruwa ce, dangin kwaɗo, mai siffar ƙadangare.

Amma babbar wahalar, gishiri ne. Kowace lita ta ruwan teku tana da gishiri wajen giram 35. Kifin kogi, irin su tarwaɗa, ruwa yake shiga jikinsa kullum, yana fitarwa. In aka jefa shi teku, gishiri ya tsotse ruwan jikinsa. Kifin teku kuwa shan ruwan gishiri yake yi, yana fid da gishirin ta matsatsaku na numfashinsa. A ruwan daɗi sai ya kumbura. Akwai masu jimre wa duka biyu, kamar salmon da waɗansu irin karfasa, amma ba su da yawa. In ruwayen duniya suka gauraya, ina sauran za su dosa?

Saboda matsaloli irin wannan, waɗansu masu bi, kamar Hugh Miller na Sikotilan a 1857, suka ce rigyawar ta rufe yankin da mutane ke zaune ne kaɗai. A 1961 Whitcomb da Morris na Amurka suka tsaya a kan cewa ta game duniya duka. Masu bin ra'ayinsu sukan ce ruwan daɗi ya yi ta iyo bisa na gishiri, kowane kifi ya sami wurinsa. Gaskiya ne hakan yakan faru a bakin kogi, inda ruwa yake kwance. Sai dai da wuya ya dawwama kwana 150 cikin ruwan da su da kansu suka ce ƙarfinsa ya farfasa duwatsu.